Agogon Zamani Ya Fara Shanye Caji? Kada A Yi Saurin Buɗe Shi

Agogon hannu na zamani, mai ƙirga taku da nuna saƙon waya da auna bugun zuciya, ya shiga hannun 'yan sakandare a ƙaramar hukumar Bagudo kamar yadda ya shiga na 'yan birni. Wani yayansa ne ya kawo masa tsaraba daga Birnin Kebbi, wani kuma tara kuɗi ya yi ya saya ranar kasuwa. Kukan dai ɗaya ne, daga Matsinkai har Tsamiya: yana sabo yakan kwana biyu ko uku da caji, bayan 'yan watanni ko la'asar ba ya kaiwa.

Batirin da ke ciki ɗan gidan na waya ne, wato na litiyam, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Bambancin a girma yake. Na wayoyin yanzu yakan kai mAh 5,000, na agogo kuwa sau da yawa 200 zuwa 300 ne kacal. Randa ce da moɗa. Ɗigon da randa ba za ta ji ba, shi zai ƙarar da moɗa.

Don haka a fara neman inda yake zuba. Fuskar agogo ce ta fi komai ci, musamman idan an ƙure haskenta, ko tana kunnuwa duk lokacin da aka ɗaga hannu. Sai auna bugun zuciya dare da rana, sai girgizar da yake yi kan kowane saƙo na zauren WhatsApp na 'yan aji. Masu agogon da ake sa wa layi suna da ƙarin matsala a bakin iyaka: inda sabis ke da rauni, agogon yakan yi ta lalube tsakanin na Najeriya da na Jamhuriyar Benin, kuma laluben nan wuta yake ci. A kashe duk waɗannan, a cika shi, a gwada kwana biyu. Da yawa a nan suke warkewa.

Abin da ke tsufar da batiri da wuri a ƙasarmu kuwa zafi ne. Kamfanin Apple ya ce agogonsa ya fi son yanayi tsakanin digiri 0 da 35. A Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura 40. Mafi muni shi ne caji cikin zafi: agogo a shagon kwano na mai cajin waya, an danne shi da wayoyi goma, ko an ajiye shi kusa da faifan sola tsakar rana. Ɓarnar da zafi ya yi ba ta gyaruwa. A yi caji a inuwa, da safe ko da dare, a cire idan ya cika, kuma kada a riƙa barinsa ya mutu murus.

Idan an yi duk wannan amma yana faɗowa daga kashi 40 zuwa sifili nan take, to batirin ya gaji. Idan kuma fuskar ta fara ɗagowa daga jikin agogon, batirin ya kumbura. A daina caji, a cire shi daga hannu. Kada a danna shi, kada a soke shi da allura don a “sace iskar”. Wuta yake kamawa.

Canji aikin mai gyaran waya ne, ba na reza a bayan aji ba. An manne murfin da gam, wayoyin ciki kuma sirara ne kamar gashi. A tabbata sabon ya yi daidai da tsohon a girma da ƙarfin wuta, yawanci bolt 3.7 ko 3.8, an rubuta a jikinsa. A tambayi farashi tun kafin a buɗe, domin a agogo mai araha kuɗin gyara kan kusa kai kuɗin sabo. Agogon da aka taɓa buɗewa kuma ba ya ƙara hana ruwa shiga kamar da, sai a riƙa cire shi kafin alwala.

Tsohon batirin a bar wa mai gyara. Kada ya je juji inda ake cinna wuta, kada kuma ya faɗa hannun ƙanne.