Gidan Karan Wiwi: Ina Gaskiya, Ina Shaci-Faɗi?

Tun da jama'a suka fara komawa garuruwansu na Jazira da Sinnar a Sudan bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023, hankalin magidanta ya koma kan gyaran muhalli, ga siminti ya yi tsada. Ana cikin haka sai ga bidiyoyi a wayoyi, Turawa na gini da karan wiwi. Wasu na cewa ya fi siminti ƙarfi, wasu kuma na rantsuwa duk wanda ya kwana a ɗakin a buge zai tashi.

Ginin dai akwai shi. A Faransa aka fara shi cikin shekarun 1980, wajen gyaran tsofaffin gidaje. Ana ɓare igiyar karan, a daddatsa farin cikin, a kwaɓa shi da farar ƙasa da ruwa, sannan a danna tsakanin alluna har ya bushe. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ma akwai bene mai hawa 12 da aka yi bangayensa da bulon irin wannan kwaɓi.

Maganar maye kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Irin da ake nomawa don gini, dokar Amurka ta 2018 ta ƙayyade sinadarin mayensa kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, kuma ɗan abin da ke akwai a fure da ganye yake, ba a cikin kara ba. Sai dai kada wani a garin Maiurno ya ɗauki wannan a matsayin izini. Dokar Sudan ta 1994 kan miyagun ƙwayoyi ta hana shuka wiwi, kuma ɗan sanda ba zai tsaya jin bayanin gini ba.

Inda aka fi yaudarar mutane shi ne zancen ƙarfi. Wannan kwaɓi ba ya ɗaukar nauyin rufi. Dole a fara kafa ginshiƙai na katako ko na kankare, shi kuma ya cike tsakani, kuma benen nan na Kef Tawun a kan kankare yake tsaye. Mu kuwa matsalarmu daga ƙasa take farawa. Baƙar lakar Jazira kan kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta ja bango ya dare. Ambaliyar 2020 ta rusa ko ta lalata gidaje sama da 100,000 a Sudan, kuma ginin jalus, wato na laka, ya sha wuya matuƙa. Bangon da ba a ɗora shi kan harsashin dutse ko jan bulo mai tudu ba, ko da me aka kwaɓa shi, ruwa zai cinye shi ta gindi.

Cewa kwaɓin karan wiwi yana hana zafi shiga, gaskiya ne. Ba ya saurin kama wuta, farar ƙasar kuma tana rage ɓarnar gara. Amma sanyin ɗaki ba sabon abu ba ne ga wanda ya tashi cikin ɗakin ƙasa mai kaurin bango, wanda magina suka cuɗa da ramno tun kaka da kakanni.

Abin da ya fi dacewa da mu, a ganina, rama ce. Ganyenta na kama da na wiwi, shi ya sa ake zarginta, alhali danginta su ne auduga, kuɓewa da yakuwa, ba ta da maye ko kaɗan. A Abu Na'ama, bakin Shuɗin Nilu, an kafa gonarta da masana'antar buhu a shekarun 1970, wato ƙasar nan ta san ta. A Malesiya ana sarrafa karanta a yi allunan gini. Mai son gwadawa ya fara da ƙaramin ɗaki, ya lissafa kuɗin farar ƙasa tun da wuri, ya kuma yi aikin da rani, domin bangon kan ɗauki makonni kafin ya bushe.