Daga ina katako yake zuwa?

A Zangon Lome akwai kafintoci da yawa. Suna yin ƙofa da gado da tebur da bencin makaranta. Duk da katako suke aiki. To, daga ina katakon nan yake zuwa?

Katako daga daji yake zuwa. Manyan dazuzzukan Togo suna yamma, a kan duwatsun Kpalime da Badu, inda ruwan sama ya fi yawa. A can ake samun loko, dogon itace mai ƙarfi. A tsakiyar ƙasa da arewa kuma akwai maɗaci da madobiya.

Akwai wani itace baƙo, sunansa tek. Asalinsa daga Asiya ne. Jamusawa suka kawo shi Togo a farkon ƙarni na 20. Tek ba ya tsoron ruwa, gara ma ba ta cinsa da sauƙi. Shi ya sa ake shuka shi gona-gona. A shekarar 1971 gwamnati ta kafa hukumar ODEF don ta kula da dazuzzukan ƙasa.

Idan itace ya isa, sai a sare shi, a yanka gungume-gungume, a loda a manyan motoci. Wasu gungumen ana tsaga su da zarto, su zama katako. Wasu kuma ana kai su tashar jiragen ruwa ta Lome, a sayar wa ƙasashe kamar Indiya.

Amma sara ya fi shuka sauri. Itacen da ya yi shekara 50 yana girma, injin zarto yana kayar da shi kafin a gama shan koko. Masu gawayi da masu share gona da wutar daji su ma suna cin daji. Inda babu itatuwa, ruwan sama yana kwashe ƙasar noma, rafi yana ƙafewa, kafinta kuma ya rasa katako.

Madobiya ta kusa ƙarewa saboda yawan kai ta Sin. Don haka a shekarar 2016 gwamnati ta hana sare ta har shekara 10. Tun 1977 kuma, ranar 1 ga watan Yuni ita ce Ranar Itace a Togo. Ran nan ƴan makaranta da manya suna dasa itatuwa. Dashe kaɗai bai isa ba. Sai an yi ban ruwa, an kuma yi shinge saboda awaki.

Tambayoyi
1. Daga ina aka kawo tek?
2. Me yake faruwa idan daji ya ƙare?
3. Faɗi abu 5 na katako da ke cikin ajinku.