Mata masu kala: hoton da ya shiga gidaje

A gidaje da yawa na Faransa, har da ƙasashen waje, ana samun wani hoto rataye ga bango: mata uku cikin gona, biyu sun duƙa, ɗaya tana shirin miƙewa. Ana buga shi ga kalanda, da faranti, da akwatin biskit. Mai gida ya kan ce ya saye shi don yana kwantar da hankali.

Wanda ya zana shi, Jean-François Millet, ɗan manoma ne, an haife shi a 1814 a yankin Normandi. A 1849 ya koma ƙauyen Barbizon, inda ya duƙufa ga zanen mutanen karkara: mai shuka, mai sheƙe, makiyayiya. Ya gama wannan hoto a 1857.

To, mai karatu da ya tashi a ƙauye ba ya bukatar a faɗa masa abin da matan nan suke yi. Kala suke. An gama girbin alkama, su kuma suna tsintar zangarniyar da ta faɗi, ɗaya bayan ɗaya. Dubi hannuwansu, abin da suka tara bai kai dami ba. Can nesa kuwa ga tsibin amfanin gona kamar duwatsu, ga amalanke cike, ga wani bisa doki yana sa ido ga ma'aikata. Wadata tana baya, yunwa tana gaba, gona ɗaya.

Shi ya sa da aka nuna hoton a Paris a 1857, masu hali da yawa suka ƙi shi. Ba su manta da juyin juya halin 1848 ba, suna ganin mai zanen yana zuga talakawa. An ce faran 3.000 kawai Millet ya samu. Ya rasu a 1875. A 1889 aka sayar da hoton faran 300.000, kuɗin da shi bai gani ba, balle matan.

Tun 1986 asalin hoton yana gidan tarihi na Orsay. Faɗinsa bai wuce mita ɗaya da kaɗan ba.

A ganina, babu laifi ma'aikaci ya ƙawata ɗakinsa da shi. Amma idan yaro ya tambaya, kada a ce masa «girbi suke yi». Girbi na mai gona ne. Waɗannan sun jira ne sai da aka kwashe dammuna kafin a bar su su shiga.