Manhaja Biyu a Kwamfuta Ɗaya, Kowace da Rumbunta

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, alhali da yawa daga cikin kwamfutocin kwance da ɗaliban Jami'ar André Salifou da ma'aikata a Zinder suke amfani da su ba sa ɗaukar Windows 11, saboda tana buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Mafita guda ita ce haɗa babbar manhaja biyu, wato tsarin da yake tafiyar da na'ura baki ɗaya: a bar Windows don aikin ofis, a ƙara Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991 kuma ake samunta kyauta, don shiga intanet.

Ana iya raba rumbun ajiya guda gida biyu, amma ware wa kowace nata rumbun ya fi aminci, domin idan ɗaukewar lantarki ta lalata ɗaya, ɗayan yana nan lafiya, tamkar manomin Damagaram da ba ya zuba gero da wake a rumbu guda. Kwamfutar tebur galibi tana da gurbin rumbu na biyu, tsohuwar ta tafi-da-gidanka kuwa akan cire mazubin faifan DVD a sa rumbun a wurin.

Inda masu gyara suke yawan kuskure shi ne lokacin girkawa. Kamata ya yi a zare rumbun Windows tukuna, a girka Linux, misali Ubuntu, sannan a mayar da shi. In ba haka ba, GRUB, ƙaramar manhajar da take tayar da Linux, tana iya sauka a rumbun Windows, ranar da aka cire shi kuwa Linux ta ƙi tashi. Bayan haka zaɓi na mai kwamfuta ne yayin kunnawa: maɓallin F12 a Dell, F9 a HP.

Saura batun agogo. Linux tana ajiye lokacin Greenwich, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin na gida, tun da Nijar tana gaba da awa ɗaya, sai agogon Windows ya koma baya da awa guda, abin da kan ruɗi mai duba lokacin azahar. Ana gyara shi ta umartar Linux ta bi lokacin gida. Wajibi ne dai a kwafe muhimman takardu a wani wurin kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.