Baba da Dorugu: tarihin da talakawa suka faɗa da bakinsu

Ƴan kasuwa maza da mata, yawancin littattafan tarihi da ake karantawa a lakwal labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Da wuya a ji mai talla ko wanda aka ɗora wa kaya yana magana a ciki. A ƴan makonnin nan mun karanta tsofaffin littattafai biyu da suka saɓa wa wannan al'ada. Mutum biyu ne da ba su rubuta da hannunsu ba: sun faɗa ne, wasu suka rubuta.

Na farko shi ne Dorugu, ɗan ƙasarmu. An haife shi wajajen shekara ta 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana yaro mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa ta Barno. A can ne Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu ya bi abokin tafiyarsa Heinrich Barth, suka je Tambutu, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka isa Ingila a 1855. A can ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Ya rasu a Kano a 1912.

Abin da ya fi taɓa mu a labarinsa shi ne yadda yake faɗin sayar da shi da aka yi ba tare da kuka ba, kamar mai lissafin zangon tafiya. Mu da muke alfahari da fataucin kakanninmu na goro, gishiri, kanwa da turkudi, ya kamata mu sani cewa a kan waɗannan hanyoyi har mutum an kora a matsayin haja. Kuma maganar ba ta tsufa ba, tun da sai a shekara ta 2003 ne dokar Nijar ta sanya hukunci na musamman a kan laifin bautar da mutum. Amma da yaron nan ya isa ƙasar Turawa bai ruɗe ba. Ya duba abincinsu da zamansu da tufafinsu da idon ɗan kasuwa mai taya kaya, ya faɗi abin da ya gani.

Littafi na biyu na mata ne. Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajajen 1877, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, da Faransanci kuma a 1969 da sunan Baba de Karo. Idan Dorugu bawa ne, ita Baba ɗiyar masu rinji ce, iyayenta suna da bayi. Duk da haka gidansu bai tsira ba, don mahara sun kama wasu daga cikin danginta, sai da aka tara wuri aka fanso su. Ashe a wancan zamani mai bawa ma ba ya barci da ido biyu rufe.

Mata ƴan kasuwa za su ga kansu a cikin wannan littafi. Baba ta yi bayanin yadda mace ke kaɗa zare, ta yi abincin sayarwa a cikin gida, ƴan mata su kai talla, kuɗin kuma nata ne, ba na miji ba. Ta nuna yadda ƙawance da biki suke: yau ki kai wa ƙawarki gudummawa ranar suna ko aure, gobe ta mayar miki da ƙari. Duk wadda ke zubin adashi a kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram ta san wannan lissafi na amana. Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙi ƴaƴan dangi, kuma ba ta zauna jiran kowa ya ciyar da ita ba.

Da muka aje littattafan, tambaya guda ta tsaya mana a rai. Da Schön da Mary Smith ba su zauna sun saurara ba, wa zai san da Dorugu ko Baba a yau? Kuma me ya sa sai baƙi ne suka ga darajar maganarsu? A kowace kasuwa tamu akwai irinsu: tsohuwa mai ƙuliƙuli da ta riƙe gida a yunwar 1973 da ta 1984, dattijon da ya yi safarar gyaɗa lokacin da take sarauniyar amfanin gona, mai shago da ya ga yadda jarinsa ya narke sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994. Sun san yadda ake faɗuwa a tashi, kuma wannan ilimi ba a koyar da shi a kowace makaranta.

Yau ba mu da hujja. Wayar salula da muke tambayar farashin albasa da ita tana ɗaukar murya. Bayan sallar isha'i a zauna da inna ko kaka, a tambaye ta da me ta fara sana'a, wa ya ba ta bashin farko, wace shekara ta fi wuya. Ɗan lakwal na gidan ya rubuta a littafi, ya sa kwanan wata. Wanda kuma ya samu ɗaya daga cikin littattafan nan biyu, ya karanta wa maƙwabtansa na rumfa a lokacin da ciniki ya lafa. Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Sai mu tambayi manyan tun suna tare da mu.