Me Ya Sa Wutar Murhun Ɗumama 'Yan Tsaki Take Mutuwa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, mai kiwon kaji a wani ƙauye kusa da Funtuwa, ya rubuto yana cewa: "Ina da murhun gas na ɗumama 'yan tsaki. In na danna maɓalli na ƙyasta ashana, wuta takan kama, amma da na ɗauke hannu sai ta mutu. Wani dare ma bayan ta zauna, sai ta mutu ina barci. Da asuba na tarar 'yan tsaki sun taru a lungu sun danne juna, wasu sun mutu. An ba ni shawara in ɗaure maɓallin da waya. Ko in yi hakan?"

AMSA: To malam, Allah Ya mayar da alheri. Amma tun da fari, kada ka kuskura ka ɗaure maɓallin nan. Bari ka ji dalili.

In ka duba bakin wutar, za ka ga wani ɗan ƙarfe kamar kan ƙusa, da siririyar wayar jan ƙarfe da ta taso daga gare shi zuwa gindin maɓallin. Masu gyara suna ce masa tamokoful. Ƙarafa biyu ne iri daban aka haɗa bakinsu. In mahaɗar ta yi zafi sai ta haifar da 'yar wutar lantarki kaɗan, abin da wani masani a Jamus, Thomas Seebeck, ya gano a 1821. Wannan lantarkin ne ke ba wani ƙaramin mayen ƙarfe ƙarfin riƙe ƙofar gas a buɗe. Da wuta ta mutu, ƙarfen ya huce, sai ƙofar ta rufe da kanta. Irinsa ne a cikin firji mai aiki da gas, da murhun ɗumama gida na ƙasashe masu sanyi kamar Amurka.

Ka ga ke nan mai gadi ne. In ka ɗaure maɓallin, wuta ta mutu cikin dare, gas zai yi ta zuba. Shi kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya inda 'yan tsaki da buntun shimfiɗarsu suke. Ashana ɗaya ta isa ta cinye ɗakin. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ga abin da za ka bi daki-daki.

Na ɗaya, haƙuri. Bayan wuta ta kama, ci gaba da danna maɓallin daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ƙarfen ya yi zafi tukuna. In sabuwar tukunyar gas ka sa, akwai iska cikin tiyo, sai ta fita kafin wutar ta zauna.

Na biyu, rufe gas, bari murhun ya huce, ka duba ɗan ƙarfen. Dole kansa ya kasance a cikin harshen wuta. In ya goce, mayar da shi a hankali. In ya yi baƙi, goge shi da samfefa mai laushi. Notin da ya haɗa wayarsa da gindin maɓalli kuma, in ya yi sako-sako, ɗaure shi da hannu, ka ɗan ƙara da sifana, ban da matsewa da ƙarfi.

Na uku, dubi launin wutar a inda take fitowa. Lafiyayyiya shuɗiya ce. In rawaya ce, tana lilo tana hayaƙi, to ƙura ta toshe mashigar iska ko ɗan ramin da gas ke fitowa. Ɗakin kaji da ma ba ya rabo da ƙura, balle da hunturu. A hure da famfon keke, kada a zura allura, don tana faɗaɗa ramin.

Na huɗu, iska. A kare ɓangaren da take bugowa da buhu, nesa da murhun. Amma kada a toshe ɗakin ruf, domin wutar da ba ta samun iska tana fitar da guba marar wari mai kashe kaji da mutane.

Na biyar, jijjiga tukunyar ka ji ko gas ya kusa ƙarewa. Shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da regulato. In kumfar tana tasowa, akwai yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana.

In duk ka yi wannan wutar ba ta zauna ba, galibi ɗan ƙarfen ne ya gaji. Kai wa mai gyara ya sa sabo daidai da shi. In kuma ka ji warin gas, rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, kada ka kunna komai sai warin ya fita sarai.

Kafin a gyara, ka tuna a makon farko 'yan tsaki suna son zafin digiri 32 zuwa 35. Tanadi kaskon gawayi wanda ya ruru ya daina hayaƙi, ka riƙa leƙa su cikin dare. In sun dunƙule wuri ɗaya, sanyi suke ji. In sun bazu suna ci suna sha, to lafiya lau.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah Ya sa albarka a kiwo.