Auna Ribar Bankin Musulunci da ta Bankin Kuɗin Ruwa

Bankin da muka saba da shi yakan karɓi ajiya bisa ruwa kaɗan, ya ba da rance bisa ruwa mai yawa, ya ci abin da ke tsakani. Bankin Musulunci kuwa sai ya sayi kaya ya sayar, ko ya zuba jari a raba riba.

Mu ɗauki manomin albasa a fadamar Sabon Birni, ko falken Isa mai kai hatsi Maraɗi. In ambaliya ta ci gona, ko 'yan bindiga suka tare hanya, ruwan rance ba ya tsayawa. A mudaraba kuwa, muddin babu sakaci, asarar dukiya ta mai jari ce.

Akwai wani bambancin. Bankin Jaiz, wanda ya buɗe a 2012, ba shi da halin sayen takardun bashin gwamnati masu ruwa, inda takwarorinsa ke samun riba cikin sauƙi. Sai a 2017 Gwamnatin Tarayya ta fito da sukuk na naira biliyan 100.

Saboda haka, mai auna ribar bankunan nan biyu ya wajaba ya tambaya: ranar asara, wa ke ɗauka?